Bugun Japan ko Bugun Ingila: Faifan da Ya Dace da Fina-finan Zane na Ƙarshen 2016

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Game da fina-finan zanen nan uku na Japan da kake tambaya ko ka sayi faifansu bugun Japan ko bugun Ingila, shawarata ita ce ka sayi na Ingila, kuma ya kasance Blu-ray ne, ba DVD ba. Bugun ƙasashen biyu duk na kashe musu kuɗi, amma ɗaya ne kaɗai nake saukowa da shi daga kanta idan iyali sun taru.

Zaɓinka ya yi kyau, domin ba kasafai ake samun kaka mai albarka irin wannan ba. Cikin ƙasa da wata uku, gidajen silima na Japan suka haska Kimi no Na wa na darakta Makoto Shinkai ranar 26 ga Agusta, sai Koe no Katachi na Naoko Yamada da kamfanin Kyoto Animation ranar 17 ga Satumba, sannan Kono Sekai no Katasumi ni na Sunao Katabuchi ranar 12 ga Nuwamba. A shagunan Ingila za ka same su da sunayen Your Name, da A Silent Voice, da In This Corner of the World, kuma da waɗannan sunayen ne ya kamata ka nema.

Babban dalilin da ya sa na ce Ingila shi ne batun shiyya, wanda masu sayarwa ba sa son yin bayaninsa. Kamfanonin da suka ƙirƙiro Blu-ray sun raba duniya gida uku. Japan da Amurka da Koriya da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya suna shiyyar A, yayin da Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya suke shiyyar B, ragowar kuma, ciki har da Sin da Indiya da Rasha, suke shiyyar C. Ma'ana dai Kano da Zinder da Landan shiyyarsu ɗaya, Tokyo kuwa tana wata daban, kuma idan faifai kulle yake a shiyyar A, na'urar da aka ƙera domin shiyyar B ba za ta buɗe shi ba ko da sabo ne fil a leda. Ba kowane faifan Japan ake kullewa ba, amma wanda ke zaune a nan ba shi da hanyar gwadawa kafin ya biya, kuma mayar da kaya zuwa Japan ya fi sayen wani tsada.

Faifan Koe no Katachi da nake da shi na kamfanin Anime Limited ne na birnin Glasgow, wanda shi ne kuma ya fitar da fim ɗin Shinkai a can. Ƙanena da ke karatu a Ingila ne ya zo mini da shi tsaraba a 2018, kuma ba zan manta daren da muka fara kallonsa ba, washegarin ƙaramar Sallah, gida cike da yara. Cikinsu akwai 'yar yayata, wadda ta rasa jinta tun tana ƙarama bayan ta yi fama da sanƙarau. Labarin kuwa na wata yarinya ce kurma da aka sa a makarantar masu ji, da yaron da ya addabe ta har yana fizge na'urar jin da ke kunnenta, sannan ya girma yana ɗauke da nauyin abin da ya aikata. Na ɗan yi shakkar sa mata shi. Amma da aka fara, sai ta matso gaban talabijin tana bin fassarar da ke rubuce a ƙasan allo, tana juyowa tana nuna mana da maganar hannu cewa alamun kuramen Japan sun bambanta da waɗanda ta koya, ko da yake fuska da kafaɗa suna faɗa mata abin da ake nufi. Can sai na ga ta ɗora tafinta a kan lasifika. Mai kiɗan fim ɗin, Kensuke Ushio, ya sa makirufo ne a cikin cikin fiyano domin a ji har ƙarar katako da motsin gudumomin da ke bugun tsirkiya, kuma wannan girgizar ce take ji a hannunta. Sau uku ta sa na mayar da wani wuri baya. Da aka gama, mahaifiyarta ta tashi ta shiga ɗaki ba ta ce uffan ba, sai da gari ya waye ta roƙe ni in bar musu faifan na mako guda. Wata biyu ya yi a wurinsu, kuma har yau yana aiki ba tangarɗa.

Wannan bugun yana ɗauke da muryoyin Japananci na asali tare da rubutacciyar fassarar Ingilishi, sannan akwai muryoyin Ingilishi ga wanda karatun fassara ke gajiyar da shi. A muryoyin Ingilishin ma, 'yar wasan da ta yi maganar yarinyar ita kanta mai larurar ji ce, abin da ya ƙara mini ganin ƙimar aikin.

Na ce kada ka sayi DVD ne saboda dalili biyu. Na farko, Ingila tana shiyya ta 2 a tsarin DVD, Najeriya da Nijar kuma suna ta 5, ko da yake yawancin ƙananan na'urorin da ake sayarwa a kasuwanninmu suna karɓar kowace shiyya. Na biyu shi ya fi damuna. Ana shirya fim ne a kan hoto 24 a kowace daƙiƙa, tsarin talabijin na Turai mai suna PAL kuwa 25 yake tafiya, don haka galibi ana ƙara wa fim ɗin sauri da kusan kashi 4 cikin 100, har sautin kiɗa ya ɗan yi sama. A fim kamar na Shinkai, wanda aka ɗinka hotunansa da waƙoƙin ƙungiyar Radwimps tun daga tushe, wannan ba ƙaramin rashi ba ne, balle a zo ga hasken sararin sama da ruwan tafki da aka zana da kyau, waɗanda DVD ke dusashewa. Blu-ray yana tafiya ne da saurin fim na asali.

Bugun Japan dai, ba zan hana shi haƙƙinsa ba: kwalinsa ya fi kyau, kuma littattafan zanen da ke zuwa da shi abin ajiyewa ne. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Na taɓa yin odar kundi na farko na wani shiri mai dogon zango daga can, na biya kuɗin kaya da na dako da na kwastam, na jira mako bakwai, da ya iso na tarar kashi biyu ne kacal a ciki daga cikin goma sha biyu, kuma babu fassarar kowane harshe. Haka kasuwarsu take. An gina ta ne a kan ƴan tsirarun masu tarawa da ke iya biyan yen (kuɗin Japan) 6,000 zuwa 8,000 a kan kowane kundi, kuma daga wannan kuɗin ne gamayyar kamfanonin da suka zuba jari ke mayar da wani ɓangare na abin da suka kashe. Shi ya sa suke tsoron mutanensu su riƙa sayo bugun ƙasashen waje mai rahusa, shi ya sa kuma bugun waje ke jinkiri. Faifan fim ɗin Shinkai ya fito a Japan ranar 26 ga Yuli 2017, na Ingila kuwa sai wajen ƙarshen shekarar. Ga fina-finan da suka kwana biyu haka, wannan jinkirin ba ya shafarka da komai. Togaciya ɗaya ce na sani: bugun Japan na fim ɗin Shinkai yana da fassarar Ingilishi, kuma babban kwalinsa mai faifai biyar yana ɗauke da faifan 4K, mai hoton da ya fi na Blu-ray na yau da kullum kaifi, wanda shi ba a kulle shi da shiyya. Idan kana da talabijin da na'urar da ke iya wannan, kuma kuɗin ba zai taɓa cefanen gida ba, to ka duba shi. In ba haka ba, ka ƙyale.

Akwai abin lura a kan fim ɗin Katabuchi, wanda ke bin rayuwar wata amarya a garin Kure kusa da Hiroshima a shekarun yaƙin duniya na biyu. Iri biyu ne a kasuwa: na farko mai kusan minti 130, da wanda aka faɗaɗa ya kai minti 168 aka fitar a Disamba 2019. Duk faifan da aka buga kafin wannan lokacin na farkon ne, kuma ni shi na fi so a fara da shi.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma wajibi ne in faɗa maka, domin a nan ne aka fi cutar mutane. Shafukan ciniki na intanet cike suke da jabun fayafayai da aka lulluɓe da hoton kwalin asali. Idan ka ga an ce fina-finai takwas ko goma na darakta ɗaya suna cikin kwali guda a kan kuɗin da bai kai na fim ɗaya ba, ka ja da baya, araha ba ta ado. Idan an rubuta cewa faifan na kowace shiyya ne, kuma fassarar da ke ciki ta Ingilishi da Sinanci da Malayanci ce, alhali mai kaya yana rantsuwa daga Japan ko Ingila ya zo, to akwai lauje cikin naɗi. Irin waɗannan fassararsu kan zo a birkice, sunan mutum ɗaya ya sauya sau uku kafin a kai tsakiyar fim, hoton kuma a matse shi har wuraren duhu su zama dabbare-dabbare. Bugun Ingila na gaskiya dole ne ya ɗauki tambarin hukumar tace fina-finai ta ƙasar, wato BBFC, mai nuna shekarun da suka dace, a kan kwali da kuma a jikin faifan, tare da sunan kamfanin da ya sayi izinin bugawa. Ka nemi mai sayarwa ya turo maka hoton bayan kwalin da na ƙasan faifan, wanda ya ɗauka da wayarsa a lokacin, ba wanda ya kwafo ba. Faifan da aka buga a masana'anta ƙasansa fari ne kamar azurfa, DVD ɗin da aka ƙona a kwamfuta kuwa yakan yi launin shunayya. Wanda ya fara kame-kame a kan hoto, ko ya matsa maka ka tura kuɗi gaba ɗaya domin wai saura ɗaya, ka bar masa kayansa. Masu zanen nan suna shafe shekaru a kan aiki ɗaya da albashi ƙanƙane, kuma ko sisi daga kuɗin jabu ba ya isa gare su.

Kafin ka biya, ka juya na'urarka ka duba harafin da ke bayanta. Da yawa daga na'urorin da aka riga aka yi amfani da su da ake shigowa da su, musamman PlayStation, daga Amurka suke, kuma wajen kallon fim suna bin shiyyar ƙasar da aka ƙera su dominta. Idan taka A ce, to bugun Amurka za ka nema, wanda shi ma yana da fassara, ba na Ingila ba. Sannan idan da yara za ku kalla, ka fara gani kai kaɗai: fim ɗin Yamada ya taɓo yunƙurin kashe kai, na Shinkai kuma yana da wuraren da saurayi da budurwa ke musayar jiki, kowa ya farka a cikin jikin ɗayan, da wasu al'adun bautar gargajiya ta Japan da za su buƙaci bayanin babba.

Idan kuɗin da ke hannunka na faifai ɗaya ne a yanzu, ka fara da Koe no Katachi, bugun Ingila na yau da kullum, ba mai kwalin musamman ba, domin fim ɗin da ke ciki ɗaya ne. Na Shinkai ya biyo baya, na Katabuchi kuma ka haɗa shi da saƙon wanda zai dawo gida hutu, ka huta da kuɗin dako.