Gargaɗi ga masu son kayan sauti a Jos: "Injiniya" mai sayar da garmahon gado ɗan damfara ne

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, don ba ƙaramar kunya ba ce mutum da furfura a gemu ya fito ya ce an yi masa wayo. Amma jiya wani ƙanena da ke zaune a Kubwa ta Abuja ya turo mini hoton wani garmaho da ake tallarsa a can, ina dubawa sai na ga shi ne dai wanda na biya kafin alƙalaminsa watanni huɗu da suka wuce, har da koriyar dardumar da aka ɗora shi a kai. Sai na ce gara in sha kunyata da in yi shiru a ci gaba da yankar mutane.

Mu ƴan tsiraru ne a garin Jos da wannan cuta ta son tsofaffin kayan sauti ta kama: garmaho, faifai, rikoda mai kaset, amfilifaya irin ta da wadda sai mutum ya yi nishi kafin ya ɗaga ta. Cikinmu akwai masu gyaran rediyo, akwai masu ɗakin ɗaukar waƙa, akwai malaman makaranta irina, akwai waɗanda suka gaji faya-fayan iyayensu suna neman abin da za su juya su da shi. Muna da zaurenmu a WhatsApp, ranar Asabar kuma mukan haɗu a shagon wani dattijo a Dilimi mu sha shayi mu yi musu. A zauren mutumin ya same mu.

Da ladabinsa ya shigo. Manya ya kira su Baba, ni ya kira ni Malam. Ya ce shi tsohon injiniyan sauti ne a wani gidan rediyo, ya yi ritaya, haifaffen Bukuru ne, mahaifinsa direban wani Baturen kuza ne. Wata shida cur bai tallata ko allura ba. Shawara kawai yake bayarwa, kuma shawarar tana da kyau. Shi ya bayyana wa wani yaronmu dalilin da ya sa tsohuwar lasifika ke ɓarɓarwa idan soson bakinta ya ruɓe. Shi ya ce a duba gindin bawul ɗin kamfanin Telefunken, wato ƴar kwalbar gilashin nan da ke cikin tsofaffin rediyo da amfilifaya, na asali yana da ɗan tambarin lu'ulu'u a jikin gilashin tsakanin ƙafafun, kuma haka abin yake. Shi ya riƙa jan kunnenmu kada mu sa kayan Amurka masu cin wuta 120 kai tsaye a wutarmu ta 230. Duk wannan ilmi yana zube a intanet ga mai son kwasa, amma a lokacin wa ya yi wannan tunani? Mun samu mai yi mana magana da harshenmu, a garin da yawancin mutane ke yi mana kallon masu tara tarkace.

Ga labari kuma. Wani dare ya rubuto mana yadda wai ya taɓa saita wa marigayi Ɗan Maraya Jos makirfo a gaban kuntiginsa, yadda ya sha wahala kafin ya kamo amon tsirkiyar nan guda ɗaya ba tare da ta danne murya ba. Wallahi ranar har da masu ƙwalla. Sai daga baya na zauna na ƙirga shaidunsa. Ɗan Maraya ya rasu tun 2015. Baturen ya koma Ingila. Mahaifin ya rasu. Abokan aikin da ya ambata, wannan ya rasu, wancan ya ƙaura. Babu mutum ɗaya a labaransa da za ka iya zuwa ƙofar gidansa ka yi sallama.

Ba mu taɓa jin muryarsa ba. Ya ce an yi masa aiki a maƙogwaro, likita ya hana shi yawan magana. Ba mu taɓa ganinsa a Dilimi ba, kullum da uzuri, kuma uzuri mai ban tausayi wanda ba ka iya matsa wa mai shi. Ku duba fa, mu da muke taƙama da kunne, muna iya musun awa biyu a kan wace lasifika ta fi fitar da amon kalangu, mun amince da mutumin da ko tarinsa ba mu taɓa ji ba.

A tsakanin nan wasu mutum biyu suka shigo zauren, da ratar makonni tsakaninsu. Ɗaya wai malamin jami'a ne a Abuja, ɗayan wani Alhaji ɗan kasuwa a Kaduna. Malamin ya ce ai Injiniya ne ya gyara masa amfilifaya shekaru goma baya, ko sisi bai karɓa ba. Alhajin ya ce ya taɓa sayen rikoda a hannunsa, kaya ya iso lafiya har da kyautar kaset. Shaida biyu daga gari biyu, sai zuciya ta kwanta.

Sannan ciwo ya zo. Injiniya ya ɓace kwana huɗu, ya dawo ya ce a taya shi da addu'a, maiɗakinsa na kwance a wani asibiti a Abuja ana yi mata wankin ƙoda. Bai roƙi kowa komai ba. Malamin jami'ar ne ya ce, "Yallaɓai, me zai hana ka rage kayan nan ka samu na magani?" Ya ƙi. Ya ce gadon mahaifinsa ne, Baturen ya bar masa su ranar da zai tafi a 1974, ba zai iya rabuwa da su ba. Bayan mako guda ya ce to, ya haƙura, amma sai ga wanda ya san darajarsu. Hotuna suka shigo: garmahon Technics SL-1200MK2, amfilifayar Sansui, da lasifikan Yamaha NS-10 guda biyu masu farar tsakiya. Farashin bai kai rabin na kasuwa ba. Nan take Alhajin Kaduna ya ce ya saye duka. Sai Injiniya ya biyo ni ta gefe ya ce, "Malam, na fi son garmahon nan ya koma Jos, garin da ya fito. In za ka iya ajiye wani abu kafin la'asar ɗin gobe, naka ne. Amma kada ka faɗa a zaure, ba na son ran Alhaji ya ɓaci."

Banza ba ta kai zomo kasuwa, na san wannan tun ina yaro. Amma ni a ganina ba banza nake bi ba, taimakon bawan Allah nake yi. Na tura naira 150,000. Sunan da ya fito a asusun na mace ne, ya ce ƴarsa ce, nasa asusun an rufe saboda matsalar BVN. Na ce ƙanena yana Kubwa, bari ya je ya ɗauko. Ya ce kayan suna gidan surukinsa, mai makullin ya yi tafiya, shi kuma ba ya iya barin gefen marar lafiya, zai sa a ba direba. Washegari wani ya kira ni wai daga tasha, ga ƙarar motoci a bayansa, ya ce kaya sun iso hannunsa amma sai na biya kuɗin ɗauko 18,000. Na biya. Muryar da na taɓa ji ke nan a duk cinikin.

Kwana uku shiru. A na huɗu saƙo ya shigo zauren daga lambar Injiniya, wai ɗansa ne ke rubutu: Allah ya yi wa Baba rasuwa da asuba, zuciyarsa ce ta buga a asibitin. Muka yi salati, muka yi addu'a, har muka haɗa ɗan abin sadaka muka tura wannan asusun dai. Da muka tambayi inda ake zaman makoki, aka ce an yi jana'iza a Abuja, iyali sun wuce ƙauye.

A duk dabarun mutumin nan wannan ta fi ci mini rai, domin da kunyarmu ya ɗaure mu. Wane ɗan halak ne zai tunkari maraya ana cikin kwana uku ya ce ina garmahona? Na yi shiru har aka yi arba'in. Ashe ba ni kaɗai ke shirun ba. Mu uku ne a zauren muka biya kafin alƙalamin garmaho ɗaya, kowa an ce masa kada ya faɗa don kada ran Alhaji ya ɓaci.

Dattijon nan na Dilimi ne ya warware mana. Ba ya cikin zauren, wayarsa ma mai madannai ce. Wata Asabar ina ba shi labari na miƙa masa hoton. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, a wace shekara ka ce Baturen ya tafi?" Na ce 1974. Ya ce, "To aljani ne Baturen. Wannan MK2 ne, sai 1979 aka fara yin sa. Na farkon, na 1972, ba shi da wannan doguwar majanya ta saita gudu a gefe, maɓallai ne da ake murzawa." Ya ce lasifikan masu farar tsakiya su ma sai 1978 suka fito. Ya sa na faɗaɗa hoton bayan amfilifayar, ya nuna mini farantin da ke jikinta: 100V. Wutar Japan ke nan, an yi ta ne don kasuwar cikin gidansu. Injiniya kuwa ya rubuta mana da hannunsa cewa shekara arba'in tana jone a bangon ɗakin mahaifinsa. Dattijon ya ce, "Ba tare da taransfoma mai rage wuta ba? Da tun ranar farko hayaƙi ya tashi."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Daga nan ɗana ya sa hotunan a Google Lens, cikin ɗan lokaci suka fito a wani shafin gwanjon kaya na Japan, da dardumar da komai. Muka koma muka bi tsofaffin saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Injiniya, malamin jami'a, Alhajin Kaduna da ɗan marigayi, dukansu huɗu "gaskia" suke rubutawa ba "gaskiya" ba, dukansu suna jera waƙafi uku a ƙarshen magana, kuma babu wanda ya taɓa aiko saƙon murya. Ɗayanmu ya tambayi tsofaffin ma'aikatan gidan rediyon da ya ambata, babu wanda ya taɓa jin sunan. Wani ya je Bukuru unguwar da ya ce an haife shi, haka nan. Ranar da muka jefa tambaya a zaure, lambobin suka fice a cikin minti ɗaya.

Yanzu ga abin da nake roƙon duk mai shirin sayen irin kayan nan daga nesa. Kada ka tura ko naira ɗaya sai an kira ka ta bidiyo, ka ga fuskar mai kaya da kayan a wuri ɗaya. Ka zaɓi wata kalma da kanka, ka ce ya rubuta ta a takarda da kwanan wata ya ɗora a kan kayan. In garmaho ne ya kunna, ka ga faranti na juyawa, ya danna maɓallin gudu na 33 ya danna na 45, ya ɗora faifai ka ji da kunnenka. Ya juya bayan kayan ka karanta lambar jikinsa da ƙarfin wutar da yake ci. Mai kaya na gaskiya wannan ba ya ɗaukarsa minti biyar, kuma ba ya jin haushi, mai son kayan sauti ai neman wanda zai kunna wa yake yi. Sunan asusu ya zo daidai da sunan mai sayarwa, in ya saɓa ka tsaya. Wanda ya ce ka yi sauri kafin la'asar, ko ya ce kada ka faɗa wa kowa, ka faɗa wa kowa. Masu yi masa shaida kuma ka tambayi kanka ko ka taɓa haɗa ido da ɗayansu. Daga Jos zuwa Abuja tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo, kuɗin motar bai kai kwatan abin da na yi asara ba.

Labarin rashin lafiya kuwa, ba na cewa a daina tausayi. Akwai masu sayar da kayan gado don jinya da gaske, na san su. Amma in taimako za ka yi, ka nemi sunan asibiti da ɗaki ka tura wani ya gaida marar lafiya, cinikin kuma ka bar shi a matsayinsa na ciniki.

Wanda ya riga ya faɗa, kada ya yi irin shirun da na yi. Ka je bankinka a ranar, domin kuɗin ba sa kwana a asusun farko. Ka adana hoton kowane saƙo, da rasit, da lambobin waya, ka kai ƙara wurin ƴan sanda ko EFCC. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar kuɗin mutane da ƙarya, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta haramta yin sojan gona da sunan wani. Mu ukun mun kai namu ƙorafin a tare, a makare, kuma har yau ba mu ga ko kwabo ba.

A tallar da ƙanena ya turo jiya, Injiniya ya zama mace. Yanzu bazawara ce a Abuja, mijinta tsohon ma'aikacin jirgin sama ne da ya rasu ya bar mata kaya da marayu huɗu, ba ta san darajarsu ba, so take kawai ta biya kuɗin makaranta. Akwai wani "maƙwabci" da ke ta yi mata shaida a ƙarƙashin tallar. Garmahon Technics ne a kan koriyar darduma, da Sansui, da lasifika biyu masu farar tsakiya. Na ce wa ƙanena ya nemi ta kira shi ta bidiyo. Ta amsa da cewa tana takaba, ba ta magana da maza, kuma "gaskia" akwai wani Alhaji da ke son saye duka kafin gobe.