KoboToolbox wajen rajistar masu aikin sa-kai daga al'ummomi daban-daban

Ƙungiyar da ke neman masu aikin sa-kai a gari irin Maiduguri, inda ake jin Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, tun daga fom ɗin rajista take fara tankaɗe mutane ba ta sani ba. In fom ɗin na Turanci ne kuma sai da data, 'yan boko na cikin gari ne kaɗai za su cike. A nan KoboToolbox, dandalin tsara fom da tattara bayanai, ya fi Google Forms nesa ba kusa ba.

Fom guda yana ɗaukar harsuna da dama, mai cikewa ya zaɓi nasa, amsoshin kuma su taru a jadawali ɗaya. Ana iya liƙa wa kowace tambaya muryar da aka naɗa, wanda bai iya karatu ba ya latsa ya saurara. Manhajar KoboCollect ta wayar Android tana aiki babu sabis: a sauke fom sau ɗaya, a shiga ƙauye ko sansanin 'yan gudun hijira a yi rajista, a tura in an dawo. Tsarin kyauta yana karɓar amsoshi 5,000 a wata da ma'ajiya 1GB, kuma hotuna da muryoyi ne ke cinye ma'ajiyar, don haka a rage girman hoto tun a fom.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne lambar waya. In aka zaɓa mata nau'in tambayar adadi (Integer), sifirin farko zai faɗi, kuma gurbin ba ya wuce lamba 9, alhali lambar Najeriya 11 ce. A sa ta a nau'in rubutu, a gindaya sharaɗin lamba 11 cif. Rajistar mutum ɗari da ba a iya kiransu asarar yini ce. Haka nan in aka sauke amsoshin a fayil nau'in CSV aka buɗe shi kai tsaye a Excel, ƙ da ɗ da ɓ na sunayen mutane sukan rikiɗe. A sauke shi a matsayin XLS, wato fayil ɗin Excel. In an gyara fom bayan an fara aiki, dole kowace waya ta sauke sabon, in ba haka ba wasu za su ci gaba da tsohon.

Kada a raba wa masu rajista kalmar sirrin babban asusu. A buɗe musu wani, a ba shi izinin tura amsa kawai. Tambayar addini da ƙabila kuwa a bar ta ganin dama, a faɗi dalilin yin ta, domin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa su cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman.

Raunin KoboToolbox a fili yake: rajista yake yi, ba ya kawo mutane, ba ya tsara jadawalin aiki, ba ya tura saƙon tunatarwa. Sai an bi ta hannun mai unguwa da limami da fasto da shugabar mata da ƙungiyar masu buƙata ta musamman, kuma a sa mata cikin masu riƙe wayar, tunda gidaje da yawa namiji ba ya shiga. In an shigar da fassarori kuma, a sa mai jin harshen ya gwada fom ɗin daga farko har ƙarshe kafin a fita.