Darasin Balaga a Makarantun Gwamnati na Kano: Aikin Bai Kammala Ba

Wannan darasi ba shi da lokaci na kansa a jadawalin ƙaramar sakandare. An cusa shi ne a cikin kimiyya da nazarin zamantakewa da darasin lafiyar jiki, bisa manhajar Ilimin Rayuwar Iyali da Cutar Ƙanjamau wadda hukumar tsara manhajojin karatu ta ƙasa, NERDC, ta fitar a 2003, bayan an sassauta ta farko saboda ƙorafin iyaye da malaman addini. Ina da 'ya da ɗa a makarantun gwamnati biyu a cikin birni, kuma littattafan rubutunsu da abin da suke faɗa mini ne ma'aunina.

Ɓangaren 'yan mata ya cancanci yabo. Malamarsu ta yi musu bayanin haila cikin kamun kai: abin da ke kawo ta, yadda ake lissafin kwanakinta, amfani da audugar mata, da irin ciwon marar da ya kamata a kai asibiti. Wannan ya cike giɓin da Islamiyya take bari, domin a can yarinya tana koyon hukuncin haila da wankan tsarki, amma ba a cika yi mata bayanin abin da yake faruwa a jikinta ba. Sai dai ana koyar da tsafta a makarantar da banɗakinta ba ruwa.

Na maza kuwa kwafe ne kawai. Malam ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, ba tambaya ba amsa. Ban ɗora masa laifin duka ba, tunda a Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya umarci a cire ilimin jima'i daga manhaja, kuma malamin da bai san iyakar abin da aka yarje masa ba, shiru zai zaɓa.

Abin da ya fi damuna shi ne babu inda aka koya musu gane mai neman lalata da su, ko wanda za su kai wa ƙara. Haka kuma, tun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sikila kafin aure, amma ɗana bai san cewa idan mai nau'in jini AS (wato mai ɗauke da gadon sikila ba tare da yana da cutar ba) ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila ba.