Ƙugiyar rataye keke a bango: tana da amfani, amma duba bangonka tukuna

Ga mai zuwa aiki a keke kullum, kuma ɗakinsa ko zaurensa ba fili, wannan ƙugiyar ƙarfe mai rufin roba ta cancanci kuɗinta. Tana kama wilin gaba, keken ya tsaya a tsaye, a samu hanyar wucewa.

Ƙarfen kam ba laifi. Matsalar na ga kusoshin da ake haɗowa da ita a leda, gajeru ne. Keke irin Phoenix mai kariyar ɗaukar kaya a baya yakan kai kilo 20, ga jijjigar ɗorawa da saukewa safe da yamma. A sayi fisha (robar da ake cusawa a hudar bango don ta riƙe sukuru) mai milimita 10 da dogayen sukurori. Bulon siminti yana da rami a ciki, in aka huda daidai ramin, fisha ba ta samun abin kamawa, sai ta fara sassautawa. A nemi inda bulon yake cike, ko a fara kafa katako mai kauri a ɗaura ƙugiyar a kai. Bangon ƙasa kuwa, kada ma a fara.

Kafin hudawa, a tsayar da keken kan tayar baya a sa alama, don ƙasa ta ɗauki wani ɓangare na nauyin. Wajen ratayewa, ƙugiyar ta shiga tsakanin wayoyin wili, nesa da bawul, in ba haka ba za ta yaga tib.

Robar takan ɓare da zafi. A naɗe da tsohon tib. Mai ciwon baya ko yaro zai sha wuyar ɗaga keken.