Fim ɗin WITCH: daga dandalin kiɗa zuwa ramin haƙar duwatsu

Wani abokina ne ya matsa min sai na kalli fim ɗin "We Intend to Cause Havoc", wanda Gio Arlotta ɗan Italiya ya fitar a 2019. Na daɗe ina ja da baya, don kiɗan rok bai taɓa kwanta min ba. Ƙarshe dai sau biyu na kalle shi cikin mako guda.

Tarihin ƙungiyar mawaƙan rok ta WITCH ne (haruffan farko na sunan fim ɗin), samarin yankin haƙar tagulla na Zambiya da suka taso a farkon shekarun 1970. Lokacin kuɗin tagulla na yawo a hannun mutane, Shugaba Kenneth Kaunda kuma ya umarci rediyo ya riƙa saka waƙoƙin gida kashi 95 cikin 100. Faifan ƙungiyar "Lazy Bones!!" na 1975 ya karaɗe ƙasar. Da farashin tagulla ya faɗi, aka kafa dokar hana fita da dare, sai wasannin dare suka mutu. Daga baya ƙanjamau ya kwashe mawaƙan zamanin da yawa.

Inda fim ɗin ya kama ni shi ne rayuwar Emmanuel Chanda, babban mawaƙin ƙungiyar, wanda ake kira Jagari, laƙabin da ya samo daga sunan Mick Jagger, shahararren mawaƙin rok na Birtaniya. Ya bar ƙungiyar ya koma koyarwa, ya riƙe addininsa na Kirista, sannan ya shiga daji haƙar duwatsu masu daraja. Ka ga dattijo cikin rami da ƙura a jiki, alhali a da 'yan sanda ake kira su tare masa jama'a. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, kuma idan ya ambaci abokansa sai ka ji nauyin abin a muryarsa.

Abin da na so a ƙara shi ne labarin waɗannan mamatan da iyalansu. An ba tafiyar matasan makaɗan Turai da suka zo neman Jagari lokaci mai yawa, ni kuwa Zambiya nake son gani. Kuma wanda ba ya jin Turanci zai buƙaci mai fassara a gefe.

Duk da haka, wallahi ya cancanci datar da na ƙona. Ina gamawa na nemo "Zango", faifan da Jagari da Patrick Mwondela mai kiɗan kibod suka fitar da sunan WITCH a 2023. Shi nake saurare yanzu a hanyar zuwa aiki.