Jan gilashi a Cycles: na gaskiya ko na dabara?

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa tagar jan gilashi a Blender, manhajar ƙera hotunan 3D, ka kunna rana, amma abin da ya sauka a daɓe baƙar inuwa ce, babu ja ko kaɗan. Kwamfutarka lafiyarta lau. Cycles, injin da ke lissafa haske ya fitar da hoto a Blender, daga kyamara yake fara bin sawun haske. In ya iso daɓe, sai ya miƙa layi ɗoɗar zuwa fitila (a nan rana ce) ya ga ko wani abu ya tare; wannan shi ne layin inuwa. Glass BSDF kuwa, wato node ɗin da ke mai da abu gilashi, lanƙwasa haske yake yi, don haka a wurin wannan layin, gilashi da bango duk ɗaya ne.

In ka bar gilashin yadda yake, jan hasken sai an dace yake isowa, shi ya sa hoton ke cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa gishiri. Sai ka yi ta ƙara samfur (samples, wato yawan layukan hasken da ake gwadawa a kowane ɗigon hoto), injin na huci. Tun sigar Blender 3.2 ta 2022 an ƙara Shadow Caustics, mai lissafa hasken da ya ratsa gilashi ya sauka cikin inuwa, amma sai ka kunna shi wuri uku: a fitila, a gilashi, da kuma daɓen. Ribarsa ita ce hasken nan mai ƙyalli da ke taruwa a gindin kofi.

Dabarar kuwa minti biyu ce. Ɗauko Mix Shader, node mai gauraya abu biyu, Glass a sama, jan Transparent BSDF (mai barin haske ya wuce ɗoɗar) a ƙasa, ka jona Is Shadow Ray na Light Path (mai gane layin inuwa) a Fac, wurin da ke zaɓa tsakanin biyun. Kyamara ta ga gilashi, layin inuwa ya wuce abinsa ya ɗebo ja. Hoto tas, ba jira. Ƙarya ce, to amma gilashin taga shafal yake, dama can ba ya tara haske wuri guda, me ka rasa? Ni a taga ban taɓa yin wani abu ba wannan ba.

Kofi ko kwalba ne dabarar ke tonuwa, inuwar ta fito launi ɗaya lamɓas. Can ma kar ka shafa launi a fatar gilashin, sa shi a ciki da Volume Absorption, mai tsotse haske gwargwadon kaurin gilashin. In kaurin santimita 1 ya bar rabin haske ya wuce, santimita 2 rubu'i zai bari. Zuba zoɓo a kofin gilashi ka ɗaga wa rana: tsakiya kamar baƙi, gefe ja garau.