Takardar da ta fi babur tsada: wasiƙa daga Faris

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, a gaida mini Inna da sauran mutanen gida. Ka ce ba ka yarda ba da na faɗa maka a waya cewa a shagon firam ɗin da nake aiki ana kawo takarda guda wadda kuɗinta ya fi na sabon babur. To ga bayanin a rubuce, ka karanta wa masu musun.

Abin da ake kawo mana galibi bugun dutse ne. Mai zane yakan yi zanensa da alli mai maiƙo a kan wani shimfiɗaɗɗen farin dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, a mirgina tawada a kai. Tawadar ta kama inda maiƙo yake, ta ƙi inda ruwa yake, sai a ɗora takarda a danne. Kowane launi da nasa dutsen, don haka hoto mai launi goma sai takardar ta bi ta injin sau goma. Wani Bajamushe, Alois Senefelder, shi ya gano dabarar a 1796. A nan Faris gidan bugu na Mourlot ne ya yi suna da ita, har shahararren mai zanen nan Picasso ya fara zuwa can aiki a 1945.

Masu tara irin waɗannan hotuna kowa da abin da yake bi. Waɗanda suka fi yi mana zarya su ne masu son hotunan wasan sirki, wato wasan nan da ake yi a zagayayyen fili da dawaki da masu tafiya kan igiya da 'yan barkwanci masu fenti a fuska. Ka ɗauka gardawanmu ne masu wasa da kura da biri, amma an gina musu zaure, an sa kujeru, ana yankar tikiti. Akwai babban gidan wasan nan Cirque d'Hiver da aka buɗe a 1852, har yau yana aiki. Wani dillalin zane, Ambroise Vollard, yakan kai mai zane Marc Chagall can kallo, kuma Chagall bai rabu da zana sirki ba har tsufansa. A 1967 aka fitar da kundinsa mai suna Le Cirque, hotuna 38, daga ciki 23 masu launi, an buga su a Mourlot. Kafin shi wani mai zanen, Fernand Léger, ya fitar da nasa a 1950. Na san Malam zai ce ai hoton mai rai ne, ni dai katako da gilashi nake yankawa.

Inda maganar take shi ne gefen takardar na ƙasa. A hagu za ka ga an rubuta lamba da fensir, misali 45/150, ma'ana na 45 cikin guda 150 da aka buga. A dama sa hannun mai zanen, shi ma da fensir. Wannan ɗan rubutun shi ne kuɗin. Hoto iri ɗaya, in fosta ce ta gidan tarihi Yuro kaɗan ne, in bugun dutse ne na asali ya shiga ɗaruruwa ko dubbai, in kuma da sa hannu na gaske sai abin da Allah ya yi. Ka riɓanya da sefa 656 ka gani. Inda kuɗi yake kuwa ɓarawo ba ya nisa. Kundin Chagall ɗin nan, a shafi ɗaya ya sa hannu don littafin duka. 'Yan kasuwa sukan warware kundin su sayar da shi falle-falle, wannan ba laifi ba ne, amma wani sai ya ɗauki fensir ya ƙara wa fallen sa hannun da mai shi bai taɓa yi ba.

Maigidana yana da ɗan gilashin ƙara girma a aljihun rigarsa, ko gaisawa bai gama yi da mai kaya ba ya ciro shi. In ya kara a kan hoton ya ga ɗigo-ɗigo a jere reras, bugun inji ne irin na kalanda. In ya ga launin ya kwanta da ɗan ɓarɓashi kamar yashi, to hatsin dutse ne ya fito. Daga nan ya ɗaga takardar wajen fitila yana neman tambarin masana'anta a cikin jikinta, Arches ko Rives. Na ga wata dattijuwa da ta kawo hoton mace a kan doki, gadon mijinta, ya duba ya ce mata fosta ce, ya faɗa mata kai tsaye ba kwana-kwana. Ta yi shiru, can ta ce a sa masa firam ɗin duk da haka.

Abin da ya fi burge ni a cinikinsu shi ne maganar mai sayarwa tana da nauyi a takarda. Tun 1981 akwai dokar da ta tsara kalmomin da zai yi amfani da su. In ya rubuta a rasit cewa aikin wane ne, ya ɗaure kansa. In ya rubuta "an kwaikwayo daga wane", ya gaya maka ba na mai sunan ba ne. A kasuwar Dole ta Damagaram ko Kurmi ta Kano, abin da kake riƙewa shi ne mutuncin dillali da sanayyar da ke tsakaninku, in ya rasu ko ya tashi shi ke nan. Nan kuwa jikanka ma zai iya fito da rasit ɗin.

Sai dai kada ka ɗauka komai nasu ya fi. A shagunan zane ba "albarka", ba "ƙara mini", ba mai miƙo maka kujera ko ruwa, wasu ma sai ka danna ƙararrawa a leƙo ka kafin a buɗe. Taya kaya an fi yin sa a irin kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen, can kuwa in ba ka da ido ka sha. Gidan gwanjo na Drouot ya fi mini daɗi: kafin ranar gwanjo ana baje kayan, kowa ya shiga kyauta ya duba. Amma in aka buga maka guduma, farashin da ka ji ba shi za ka biya ba, akwai la'adar gidan a kai, takan kai kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. A gida mai sayarwa da mai saye sukan san la'adar dillali tun kafin a tafa.

Aikin hannu kuma tsada kamar me. Firam ɗin da kafinta zai haɗa maka kafin la'asar, nan sai ka jira makonni, a watan Agusta ma shaguna da yawa a rufe suke, kowa ya tafi hutu. Sau da yawa kuɗin firam yakan fi na hoton. Dalilinsu dai yana da kama: kwalin da ba ya sa takarda ta yi ja, gilashin da ke tare zafin hasken rana, sannan ba a taɓa shafa wa hoto gam, da 'yan siraran takardu ake rataye shi daga sama don a iya cire shi lafiya.

Wannan ya tuna mini da hoton Baba na zaure da ka ce za ka kai a sake masa firam. Kada ka bari a manna shi a jikin filawud, kuma a sa kwali tsakaninsa da gilashi don kada ya like da damina. A liƙe bayan firam ɗin saboda ƙurar hunturu da gara, a kuma ɗauke shi daga bangon da rana ke duka da yamma. Kwalin da ya dace zan ba wani mai tahowa kafin azumi, ka aiko mini da tsawo da faɗin hoton.